Yadda ake gane ko hatsari ya taɓa shasin mota, da yadda ake lissafin gyaranta

Da zarar motoci biyu sun gwabza a Sakkwato, ko a shataletalen Dandima ne ko a kan Bayafas, kafin ka gama salati jama'a sun kewaye ku. 'Yan kabu-kabu sun faka, wani dattijo ya shiga tsakani, ana ta "a yi haƙuri, tsautsayi na". Sai a dubi bamba da fitila, wani ya yanka kuɗi, mai laifi ya tura ta waya, a watse. Haƙurin ba laifi. Yankan kuɗin a bakin titi ne kuskure, don abin da ya fi tsada a jikin motar ba a ganinsa daga tsaye.

Ni ma na taɓa faɗawa. An bugi Corolla ɗina ta gaba a hannun dama, na karɓi kuɗin bamba da fenda da fitila, fanel bita ya fito da ita tana ƙyalli. Wata uku tayar gaba ta cinye ta ciki har waya ta leƙo. Na sa sabuwa, na yi alaimen sau biyu, duk a banza. Sai da wani tsohon bakanike ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ya ɗago ya ce, "Alhaji, bari ɓarnar kuɗinka ga taya. Wagga mota shasinta na yak karkace." Mutumin da ya buge ni kuwa tuni mun yafe wa juna.

San irin ginin motarka tukuna

Hilux da Land Cruiser da Prado suna da shasi daban, ƙarafa biyu masu kauri kamar tsani, aka ɗora jiki a kai aka ɗaure da noti. Amma Corolla, Camry, Accord, Civic, Golf, Peugeot 406, Sienna, Highlander, RAV4 da Vibe ba su da wani tsani a ƙarƙashi. Jikin shi ne shasin. Falle-fallen ƙarfe ne aka lanƙwasa aka haɗa da ɗigon walda dubbai, rufi da daɓe da ginshiƙai kowa na riƙe da ɗan'uwansa. Dabarar ta daɗe, tun Lancia Lambda ta 1922 ake yin ta. Ka ɗauke ta kamar kwandon kaba: in ka danna shi ta baki ɗaya, ta wani wurin zai kumburo. Shi ya sa bugun gaba kan hana ƙofar baya rufuwa.

Wuraren da za mu riƙa ambata su ne: dogayen ƙarafa biyu da suka fito daga ƙasan dashbod suka bi gefen injin har bayan bamba, waɗanda kanikawa ke ce wa shasi, mazaunin shokozoba, wato tudun nan biyu da kan shokozoba ke ɗaure a ciki, ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, dokin ƙofa, da gadon da injin da kayan ƙafa ke zaune a kai, wanda ake ce wa kurosmemba. Shi wannan na ƙarshen da noti aka ɗaure shi, ana cirewa a sa wani. Sauran duk walda ce. Gaba da bayan motar da gangan aka yi su don su murƙushe su shanye bugu, tsakiyar da mutane ke zaune kuma ta tsaya cak.

Mataki na 1: tun a wurin da abin ya faru

In akwai mai rauni shi ne kan gaba, lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce. In kowa ya fito lafiya, ɗauki hotuna kafin a gusa da motocin: ta kusurwa huɗu, lambar ɗaya motar, da ƙasan taka inda ruwa ko mai ke ɗiga. Kada ka tuƙa ta idan ruwan lagireto ya zube, ko taya ɗaya ta kalli wani wuri daban, ko eyabag ya fashe. Kira janwe, kuma ka tsaya a kai lokacin ɗaura sarƙa. Akwai ƙugiyar ja da kamfani ya tanada, amma yara sun fi son zarga igiya a lowa am, ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ta ƙasa, don ya fi kusa da hannu, sai ja ya lanƙwasa abin da hatsari bai taɓa ba.

Tsakaninka da wanda ya buge ka, a rubuta takarda gaban shaidu biyu cewa ya ɗauki nauyin gyara bisa abin da aka gani bayan an kwance an auna. Ka tambaye shi inshora. Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗin inshorar da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani naira 15,000 a shekara ga motar gida, kuma tana biyan dukiyar wanda aka buge har naira miliyan 3. Ana duba ingancin takardar a rumbun bayanan inshora na intanet, NIID, da lambar mota. Kamfanin inshora zai nemi hotuna, sau da yawa har da rahoton 'yan sanda, kuma yana son ganin motar kafin guduma ta taɓa ta.

Mataki na 2: zagaya da ido da hannu

A wanke motar, a ajiye ta a daɓen siminti da ba shi da gangare, a daidaita iskar tayoyi. Da safe ko da la'asar ya fi, lokacin da haske ke zuwa a karkace yana tona kowace lotsawa.

Fara daga ɓangaren da ba a buga ba, don shi ne ma'auninka. Dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da fenda, tsakanin ƙofar gaba da ta baya, tsakanin bonet da fenda. A lafiyayyar mota tazarar ba ta cika wuce milimita 3 zuwa 5 ba, kuma ɗaya ce daga sama har ƙasa. In ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, gaban motar ya sunkuya ko ya ɗago. In bonet ya matse a dama ya buɗe a hagu, hancin motar ya kauce gefe. Buɗe kowace ƙofa ka rufe a hankali da yatsa biyu. Wadda sai an ɗaga ko an buga ta shiga, ginshiƙinta ya motsa.

Sai ka shafa rufi da tafin hannu, musamman saman ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. 'Yar lotsawa a nan, a motar da aka buga ta gaba ko ta baya, mummunar alama ce: bugun ya ratsa har ɗakin da mutane ke zama. Haka gilashin gaba da ya tsage daga kusurwa ba tare da dutse ya same shi ba. Ɗaga kafet na wajen ƙafar direba da na mai zaman banza, ɗaga na but ka cire safaya, ka nemi inda daɓen ya tattare.

Mataki na 3: a kwance gaban

Kada ka yarda da farashin wanda bai cire komai ba. Biya kuɗin kwancewa daban, a cire bamba, fitilu, fenda da robar da ke cikin marfin taya. Sannan ka ɗauki tocila ka bi shasin dama da na hagu daga baki har inda suka shige ƙasan dashbod. Abin da kake nema: fenti da ya ɓare ya bar ƙarfe fari, ƙwarin da kamfani ya shafe da danƙo ya tsage, ɗigon walda da ya ɓalle, ko ƙarfe da ya tattare kamar goshin tsoho. Dubi notocin kurosmemba. In ka ga zoben ƙarfe mai ƙyalli a gefen noti, gadon ya zame daga mazauninsa.

A nan ne kuma tsohon asiri ke tonuwa. Motocin Beljiyam da yawa daga gwanjon motocin hatsari na Amurka suke, irin su Copart da IAAI. Manna maganaɗisu a jikin shasi da ginshiƙai: inda ya ƙi kamawa, bodi fila ce jibge, wato ƙwaɓin da ake cike lotsawa da shi. In ka sa lambar shasin nan mai haruffa da lambobi 17 a intanet, wani lokaci har hoton motar a filin gwanjo za ka gani. Wannan ya shafi lissafinka, don ƙarfen da aka taɓa ja sau ɗaya ba ya jure na biyu.

Mataki na 4: awo, wanda shi ne ainihin aikin

Kana buƙatar tef na ƙarfe mai milimita, alli, zare da aka ɗaura wa noti a ƙarshe irin yadda magina ke saita bango, takarda, da mutum ɗaya da zai riƙe maka. Kowane awo a yi shi sau biyu a rubuta. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kada wuri ya kauce daga awon kamfani fiye da milimita 3. Tef ba zai ba ka wannan daidaiton cif ba, amma zai nuna maka in ɓarnar ta kai a damu.

Na farko, tsawo. Miƙe sitiyari, auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, dama da hagu. Corolla ta 2003 zuwa 2013 milimita 2,600 ce. Camry ta 2002 zuwa 2006 tana da 2,720, ta 2007 zuwa 2011 kuma 2,775. Accord mai ƙofa huɗu ta Amurka, 2003 zuwa 2007, 2,740. Peugeot 406, 2,700. Ko ba ka san lambar motarka ba, kwatanta ɓangarorin biyu ya isa. Bambancin da ya wuce milimita 5 ko 6 yana nufin taya ɗaya ta koma baya. Kada hankalinka ya tashi tukuna, don yana iya zama lowa am ne ko kurosmemba kawai, kuma su ana canza su.

Na biyu, gicciye, kuma shi na fi yarda da shi. Buɗe bonet, zaɓi wurare huɗu da suke tagwaye: noti ɗaya a mazaunin shokozoba na dama da ɗan'uwansa na hagu, sai ramin noti a bakin shasin dama da ɗan'uwansa na hagu. Auna daga shokozoba na dama zuwa bakin shasin hagu, sannan daga shokozoba na hagu zuwa bakin shasin dama. Layukan biyu dole su zo ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya da santimita guda, ba sauran musu, gaban ya kauce. Ka tabbata wuraren da ka zaɓa tagwaye ne da gaske, don wasu ramukan kamfani bai yi su daura da juna ba.

Haka za ka yi wa ƙasan motar, sai dai shasho da tanki za su tare tef. Dabarar ita ce ka sauko da wuraren ƙasa. Rataya zaren nan mai noti daga ramukan da kamfani ya huda a ƙasan mota, biyu gaba, biyu tsakiya, biyu baya, ka yi alama da alli inda notin ya nuna a siminti. Tura motar gefe. Yanzu taswirar ƙasan motarka ce zane a daɓe, ka auna gicciyenta yadda kake so, ba kwanciya ba ƙuna. Fara da akwatin tsakiya, wato ƙarƙashin ɗakin da mutane ke zama. In shi ya fito daidai, motar na da makoma.

Na uku, tsayi daga ƙasa. Auna daga siminti zuwa bakin shasin dama da na hagu, da kusurwa huɗu na dokin ƙofa. In kusurwar gaba ta dama ta yi sama, ta baya ta hagu ta yi ƙasa, jikin ya murɗe, kuma murɗewa ita ce mafi wuyar fita.

Mataki na 5: a ɗora ta a kwamfutar alaimen

In motar na iya tafiya, a kai ta inda ake alaimen da kwamfuta, a auna tayoyi huɗu, a ba ka takardar sakamako kafin a taɓa komai. A irin su Corolla abin da mai alaimen ke iya juyawa shi ne tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Jinginar shokozoba zuwa baya ba ta da abin saitawa, haka gatarin baya. Saboda haka in waɗannan sun bambanta tsakanin dama da hagu da fiye da rabin digiri, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe. A canza shokozoba da lowa am a sake aunawa. In har yanzu lambar na nan, jikin ne.

Mataki na 6: a ja, a yanke, ko a haƙura

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ƙarfen da ya lanƙwashe a hankali kamar baka ana jan sa ya dawo. Wanda ya karye ya yi kaifi kamar takardar da aka ninka aka murje da farce, sai dai a cire a sa wani, don ko an miƙe shi wurin ya mutu.

Yadda ake ja shi ne inda ake rabuwa tsakanin masu gyara. Ka je garejin da kanka, ko a Buzaye ne ko J. Allen ko ina, ka yi tambaya biyu: "Maigida, da mi za ka ja ta, da mi za ka auna?" Aikin ƙwarai shi ne a damƙe motar ta dokin ƙofa a wuri huɗu don tsakiya kada ta motsa, a ja da jak mai mai ta hanyar da bugun ya shigo, kaɗan-kaɗan, ana ja ana aunawa. Abin da aka fi gani shi ne a ɗaure bayan mota a gindin dogon yaro, a sa cembulok, wato na'urar ja mai sarƙa, a gaba, a gasa shasi da wutar kabaid har ya yi ja. Motar za ta miƙe kam. Amma ƙarfen motocin zamani ƙarfinsa daga yadda aka sarrafa shi a masana'anta yake, wuta na kashe shi, shi ya sa Toyota da Honda suka hana sa wuta wajen miƙe ƙashin jiki. Shasin da aka gasa, ranar da aka sake bugu naɗewa zai yi kamar gwangwanin madara. Ginshiƙin tsakiya na sababbin motoci ma ba a miƙe shi sam, canzawa ake yi.

In za a sa shasin Beljiyam, a cire tsohon ta inda kamfani ya haɗa shi, a huda ɗigon waldar ɗaya bayan ɗaya, a mayar da sabon a wurin da waldar waya mai gas. Ba kabaid ba, ba tagulla ba, ba kuma a yanka a tsakiyar shasi a jona baki da baki a shafe da fila ba. A cire batir kafin walda saboda birenbos, wato kwamfutar motar, da eyabag, a shafa maganin tsatsa ciki da waje. Yanko rabin wata mota a jona ta tsakiya kuwa, ni ban sa iyalina a ciki.

In rufi ya lotsa, daɓen ƙarƙashin kujera ya tattare, ko bangon da ke tsakanin injin da direba ya turo ciki, shawarata a sayar a yadda take.

Eyabag da ya fashe a sa wani, tare da bel ɗin da ya ƙage. Akwai masu ɗinke murfin su liƙa ɗan abin lantarki don fitilar eyabag da ke dashbod ta mutu. Fitilar ƙwarai tana kamawa in ka murɗa makulli, ta yi 'yan daƙiƙoƙi ta mutu da kanta. Wadda ba ta kamawa ko kaɗan, cire ta aka yi.

Mataki na 7: lissafi

Farashin kaya na tafiya da dala, don haka kada ka dogara da abin da maƙwabcinka ya biya bara. Ɗauki takarda ka raba ta gida-gida: janwe, kwancewa da awo, ja, ƙarafan da za a yanka a yi wa walda, kayan noti irin su bamba, fenda, bonet, fitilu, lagireto, kondensa da fanka, kayan ƙafa, eyabag da wayoyi, fenti, sai ƙananan da ake mantawa, gas ɗin esi, ruwan lagireto, kilif-kilif na roba da alaimen na ƙarshe. Kowane gida a rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban. Abin da babu a gari, a tambayi Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, a turo hoto ta WhatsApp, a sa kuɗin mota a lissafi. Faɗa musu shekarar motar da ƙasar da ta fito, don fitilar Corolla ta Amurka ba ta hawa ta Turai. A lagireto kada ka yi rowa. Garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba wurin gwada mai araha ba ne. A ƙarshe ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan jimla, na abin da sai an fara aiki zai fito.

Nemi farashi a wuri uku. Wanda ya fi araha da nisa, tambaye shi abin da ya bari.

Yanzu lambobi huɗu kake buƙata, kuma dillalan mota za su ba ka uku. Ga misali, don lissafi kawai: a ce kafin hatsari motar za ta yi miliyan 9, a yadda take yanzu an taya miliyan 4, gyara zai ci miliyan 3 da rabi, bayan gyara kuma za a saye ta miliyan 7 da rabi. Ka kashe 3 da rabi ke nan don darajarta ta ƙaru da 3 da rabi, ga makonnin hawa kabu-kabu a kai. Ba riba. In kai za ka ci gaba da hawa kuma tsakiyar motar lafiya take, gyaran na iya fi maka sayen wata da ba ka san tarihinta ba. A jihohin Amurka da dama, in gyara ya kai kashi 75 cikin ɗari na darajar mota sai a ce ta tashi aiki. Kuma lambar ta huɗu ka lissafa ta a kan cewa za ka gaya wa mai saye an taɓa shasi, don ɓoye aibi a ciniki ba halas ba ne. Wannan miliyan 1 da rabin da motar ta rasa ko bayan gyara, ita ma ɓarna ce da ya kamata ta shiga maganarku da wanda ya buge ka.

Mataki na 8: biya da karɓa

Biya kashi uku: na kaya, na bayan ja da walda, na ranar karɓa. Na tsakiyan kada ya fita sai ka zo da tef ɗinka ka maimaita awon gicciye tun ƙarfe na tsirara, kafin a shafa fila ko fenti, ka kuma ɗauki hoton waldar. Fila kada ta wuce kaurin milimita 3, mai kauri ba ta daɗewa a ranarmu take tsattsagewa. In lokacin hunturu ne a yi fenti a ɗaki rufe. Tsofaffin kayan da aka cire a saka maka a but.

Ranar karɓa a sake alaimen a ba ka takarda. Jiƙa tayoyin ka tuƙa a miƙe a kan busasshen siminti, ka dubi sawun: na baya ya bi na gaba daidai wa daida dama da hagu. Sa wani ya bi ka a baya ya ga ko motar na tafiya a karkace kamar kare. Hau miƙaƙƙen titi irin hanyar Bodinga, ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki da ɗan ƙarfi, ka saurari shigar iska ta saman ƙofa. A gida a watsa mata ruwa da tiyo a dubi kafet. Bayan mako biyu ko uku ka durƙusa, ka zura hannu ta bayan tayar gaba ka shafa gefenta na ciki, dama da hagu, ka ji ko ya fara cinyewa.